Wa ya share wa mawaƙan Koriya na yanzu hanya?

'Yar'uwa, kin tambaya ko kafin su BTS, shahararriyar ƙungiyar matasan mawaƙa, akwai wani babba a waƙar Koriya ta Kudu. Akwai ƙwarai, kuma sunan da zan fara ba ki shi ne Shin Jung-hyeon, wanda 'yan ƙasar ke kira uban kiɗan rok.

An haife shi a Seoul a 1938, ya tashi maraya, ya koya wa kansa jita. A 1957 ya fara kiɗa a sansanonin sojojin Amurka, daga baya ya kafa ƙungiyar Add4.

Abin da ya sa nake ganin girmansa ya faru ne a 1972. Fadar shugaba Park Chung-hee ta nemi ya yi waƙar yabon shugaban, ya ƙi, ya je ya yi wa koguna da duwatsun ƙasarsa waƙa. Bai sha da daɗi ba. A 1975 aka kama shi da zargin wiwi, aka azabtar da shi, aka haramta waƙoƙinsa har mutuwar Park a 1979. Ki duba, mutum yana kan ganiyarsa a raba shi da jitarsa! Da ya dawo, zamani ya riga ya juya.

Ɗansa Shin Daechul ne ya kafa ƙungiyar Sinawe, inda Seo Taiji ya yi kiɗa kafin ya fito da tasa a 1992, wadda ake ganin daga gare ta K-pop, wato salon waƙar zamani na Koriya ta Kudu, ya samo tushe. A 2009 kamfanin Fender ya ƙera wa Shin Jung-hyeon jita ta musamman don karrama shi.