Oba-obar Soja: Yaya Suke Ɓoye Magana?

Tambaya: Malam, ɗan'uwana soja ne a yankin tafkin Chadi. Idan sojojin Najeriya da na Chadi suka fita aiki tare, yaya suke magana ta rediyo ba tare da 'yan Boko Haram sun ji ba? Daga wani mai karatu a Maiduguri.

Amsa: Malam, oba-obar kasuwa kowa na iya kama zancenta idan ya dace da tasha. Ta soja tana da kariya biyu. Na farko, tana mayar da murya lambobin sirri, sai mai mabuɗi irin naka zai warware. Na biyu, ba ta zama a tasha guda. Misali, rediyon sojan Amurka mai suna SINCGARS kan sauya tasha kusan sau 100 a daƙiƙa ɗaya, tsakanin megahaz 30 da 88. Mai leƙen asiri ba ya jin komai sai shuu.

A nan ne matsalar ƙawance take. Rediyo biyu ba za su gane juna ba sai mabuɗinsu da agogon da suke bi wajen sauya tasha sun zo ɗaya, kuma kowace ƙasa tana rowar mabuɗinta, ni ma ban ga laifinta ba. Rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen yankin tafkin Chadi da aka farfaɗo da ita a 2015, mai hedikwata a N'Djamena, tana da wani ƙarin nauyin, na harshe: Najeriya Turanci, Chadi Faransanci da Larabci. Shi ya sa rundunonin ƙawance kan ajiye jami'in tuntuɓa a sansanin juna, da rediyon ƙasarsa a hannu.

Ka gaya wa ɗan'uwanka ya rage faɗin inda yake a wayar salula.