Shekara 18 a Legas: Na Cancanci Zaman Dindindin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni haifaffen Maraɗi ne a Jamhuriyar Nijar, ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12 shekara 18 ke nan. Matata Bakanuwa ce, muna da 'ya'ya huɗu, amma ba ni da wata takardar zama. Shin daɗewar da na yi ta ba ni izinin zama na dindindin? Daga wani mai karatu a Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Daɗewa kaɗai ba ta ba ka wannan izini, kuma a nan ne 'yan'uwa da yawa suke yin sakaci. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta yarda mutum ya shigo ba biza har kwana 90 ne kawai, bayan haka sai ya nemi katin zama daga Hukumar Shige da Fice. Ga shi kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, kuma ko da yake ECOWAS ta ce a ci gaba da barin zirga-zirga har sai an yanke wata shawara, ba abin da magidanci zai jingina iyalinsa a kansa ba ne.

Hankalinka ya kwanta game da yara, domin sashe na 25 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya mayar da su 'yan Najeriya ta wajen mahaifiyarsu. Kai kuwa aurenka ƙofa ce, tunda tsarin biza na 2020 ya tanadi zaman dindindin ga wanda yake auren ɗan ƙasa ko 'yar ƙasa. In kuma zama ɗan ƙasa kake nufi, sashe na 27 yana buƙatar zaman shekara 15, da kyakkyawan hali, da amincewar gwamnan jihar da kake zaune cewa mutanen wurin sun karɓe ka.

Sai dai hukuma ba ta ƙidaya shekaru da fatar baki. Ka tattara rasiɗan kuɗin haya, da na ƙungiyar kasuwa, da takardun haihuwar yara, da shaidar aure, musamman in a masallaci aka ɗaura ba a rubuta ba. Ka sabunta fasfonka, sannan ka je ofishin hukumar da ƙafarka. Don Allah ka guji dillalan da ke tare mutane a bakin ƙofa, kada kuma ka yarda a rubuta maka cewa a Katsina aka haife ka, domin ƙarya a takarda laifi ce da za ta iya rushe neman gaba ɗaya.