Tambaya da Amsa: Cocin Roker na 1907 da Farautar Ɓoyayyen Akwati

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina karatu a Sunderland ta ƙasar Ingila. Abokan karatuna suna wani wasa na neman ɓoyayyun akwatuna da wayar hannu a kusa da tsofaffin coci-coci, har sun ja ni cocin St Andrew da ke unguwar Roker. Mene ne tarihin ginin nan, kuma yaya mutum zai ɓoye nasa akwatin a irin wannan wuri? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. An gina cocin nan tsakanin 1906 da 1907, lokacin da Sunderland ke tashen ƙera jiragen ruwa. Attajirin maƙerin jirage John Priestman ne ya ba da kaso mai tsoka na kuɗin, don tunawa da mahaifiyarsa, Edward Schroeder Prior kuma ya tsara ginin. A ido dutse ne zalla daga mahaƙar Marsden, amma a cikinsa akwai kankare mai ƙarfe, sabon salo a wancan zamani. Shi ya sa manyan bakunan rufin suka taso tun daga ƙasa-ƙasa, babu ginshiƙin da ke tare wa mai ibada gani. Hasumiyar ma a gabas aka ɗora ta, ɓangaren teku, saɓanin yawancin coci-cocin Ingila. In ka shiga, duba rubutun da Eric Gill ya sassaƙa a alluna, da zanen rufin da ƙaninsa MacDonald Gill ya yi a 1927.

Shi kuwa wasan, jiyokashin ake ce masa. Ya samo asali a watan Mayu na 2000, da Amurka ta daina dagula siginar GPS (tsarin gano wuri ta tauraron ɗan'adam) ga farar hula, sai Dave Ulmer ya ɓoye bokitin farko a jihar Oregon. A Ingila akwai jerin akwatuna na coci-coci mai suna Church Micro, wanda aka fara a 2007.

Abu na farko shi ne izini. Je ka ga limamin cocin ko dattawan da ke kula da harabar, ka faɗa musu ainihin gurbin da kake so. Ginin Roker yana mataki na ɗaya a jerin gine-ginen tarihi da doka ta kare, don haka babu huda bango, babu zare dutse. Dokar shafin Geocaching.com, inda ake wallafa lambobin GPS na wurin kowane akwati, ita ma ta hana binne akwati, ta kuma ce tsakaninsa da wani akwatin kada ya gaza mita 161. Mai tantancewa na shafin zai duba wannan kafin a wallafa.

Ga coci, mun fi son salo mai mataki biyu: lambobin GPS na farko su kai mutum gaban allo ko dutsen harsashi, ya kwashi alƙaluma daga shekarar da ke jiki, ya cike guraben A, B da C a lambobin GPS na biyu, kamar N 54° 55.ABC, sannan ya nufi akwatin da ke wajen harabar. Ta haka ya karanta tarihi, kuma bai tattake kaburbura ba. Sai dai a kula da lissafin. Kuskuren ɗaya a gurbin C kusan mita biyu ne kacal, amma a gurbin A mita 185 ne, mai nema ya ƙare a bayan gidan wani. Zaɓi allon da ke waje, domin ba kullum ake buɗe coci ba.

Aunin wuri ma yana yaudara. A fili waya tana kuskuren kamar mita 5, a gindin dogon bango kuwa siginar tana bugun dutse ta dawo, kuskuren ya ƙaru. Tsaya a gurbin minti biyu, rubuta lambobin, yi nisa ka dawo, ka maimaita sau huɗu ko biyar a ranaku daban-daban, sannan ka ɗauki matsakaicinsu.

Akwatin ya zama na roba mai murfin da ke da zoben hana ruwa, da takardar sa hannu a ciki, wadda dole ce. Iskar bakin teku tana sa ƙarfe tsatsa, danshi kuma yana mai da takarda kunu, saboda haka saka ta a leda mai zif. Kada ka sa abinci, dabbobi za su tono shi. A shafin akwatin rubuta cewa a kauce wa lokutan ibada, ɗaurin aure da jana'iza. In kuma karatunka ya kusa ƙarewa, miƙa wa wani mazaunin garin kulawarsa ko ka kwashe shi kafin ka tafi.