Hafsan Jamus mai tausayi a fim: gaskiya ce?

Tambaya: Malam, a finafinan Yaƙin Duniya na Biyu nakan ga wani hafsan Jamus da tausayi, wani kuma mugu. Ƙirƙira ce? Daga mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, fara duba kakinsu. Sojan Wehrmacht, wato rundunar sojan ƙasar Jamus ta lokacin, alamar mikiyarsa tana ƙirji ta dama, na SS kuwa, wato dakarun jam'iyyar Nazi ta Hitler, a hannun riga na hagu. Na Wehrmacht ɗin ne masu fim suka fi ba tausayin, kuma da tushe: Wilm Hosenfeld, wani hafsan Wehrmacht, ya ciyar da Szpilman, Bayahude makaɗin fiyano, a Warsaw a 1944. Abin da ke damuna shi ne wanke Wehrmacht gaba ɗaya, alhali ta kashe fararen hula, kuma fursunonin yaƙi na Tarayyar Sobiyet kimanin miliyan 3 sun mutu a hannunta, galibi da yunwa da sanyi.