Zuwa ga ƙanwata mai son zuwa Jamus don nazarin gashin cikin ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum ƙanwata. Saƙonki ya iso. Kin ce kin gama digiri a ilimin sassan jiki, lokacin bautar ƙasa kin ga jarirai masu taruwar ruwa a kai, kuma kin karanta cewa furotin ɗin da ke cikin siliya, wato gashin nan mai kaɗawa a kogunan ƙwaƙwalwa, na da hannu a cutar. Kina tambaya ko ki zo nan ki yi digirin digirgir a kai don ki koma ki taimaki yaran.

Ki zo. Amma ki san abin da za ki tarar tun kafin ki biya kuɗin biza.

Kogo huɗu ne a cikin ƙwaƙwalwa, cike da ruwa. Jikin babba yana samar da wajen rabin lita na ruwan nan kullum, alhali abin da ke ciki a lokaci guda bai wuce mililita 150 ba, don haka dole ya riƙa gudana yana fita. Ƙwayoyin da suka shimfiɗe a bangon kogunan, masu suna efendima, kowace na ɗauke da gashi gommai, suna kaɗawa tare kamar iska ta bi ta kan shinkafa a fadama. Cikin kowane gashi akwai bututu tara masu tagwaye da suka kewaye biyu a tsakiya, sai furotin ɗin dainin da ke ƙona makamashi yana jan su, gashin ya lanƙwasa. Furotin ɗaruruwa ne ke haɗuwa su gina wannan ɗan abu.

A 2004 masu bincike a Jamus, cikinsu har da Heymut Omran, suka nuna cewa ɓeran da aka lalata wa Dnah5, ɗaya daga cikin dainin ɗin, gashinsa ba ya ingiza ruwa, siririyar mashigar da ke tsakanin kogo na uku da na huɗu ta toshe, kai ya kumbura. Haka ma ɓeran da ya rasa Hydin, furotin na bututun tsakiya. A 2016 kuma ƙungiyar Gregor Eichele a cibiyar Max Planck da ke Göttingen ta gano cewa a kogo na uku gashin ba ingiza ruwa kawai yake yi barkatai ba, hanyoyi yake tsara masa, wata ta nufi nan, wata ta nufi can. Aiki ne mai kyau ƙwarai, duk wanda ya ga bidiyonsa sai ya so fannin.

To ga inda gizo ke saƙar. Ɓera ba mutum ba ne. Mutanen da aka haifa da lalataccen gashin nan, abin da ya fi damunsu shi ne ciwon huhu da na hanci mai dawowa, da rashin haihuwa, wasu kuma zuciyarsu na dama. Taruwar ruwa a kai ba ta cika samunsu ba, saɓanin ɓeraye da mashigarsu ta fi ƙanƙanta. Akwai 'yan wuraren da ake ganinta a mutum, kamar sauyin ƙwayar gado mai suna FOXJ1 da aka bayyana a 2019, amma ba su da yawa.

Jariran da kika gani kuwa, da wuya ya zama wannan ne ya same su. A Mbale ta Yuganda, likitan tiyata Benjamin Warf ya tarar cewa wajen kashi 60 cikin ɗari na yaran da ya duba, ciwon ya biyo bayan kamuwa da ƙwayar cuta ne a farkon rayuwa, wasu kuma tare yake zuwa da buɗaɗɗen ƙashin baya. Mu kuma a Arewa muna tsakiyar yankin sanƙarau. Idan yaran ne suka kawo ki fannin, kada ki bi sahun masu farautar sauyin gado kaɗai. Ki nemi tambayar da ta haɗa biyun: me ƙwayar cuta ke yi wa efendima? A Leicester ta Ingila an nuna cewa dafin da numokokus (ƙwayar cuta mai jawo sanƙarau) ke fitarwa, numolaisin, yana tsayar da kaɗawar gashin yana kuma lalata ƙwayoyin. Su kuwa in sun mutu ba su cika sabuntuwa ba. A ganina nan ne ɗan Arewa ke da abin faɗa wanda Bajamushe bai damu ya tambaya ba.

Batun zuwa. Digirin digirgir a kimiyyar halittu a nan yawanci aiki ne da albashi, galibi kashi 65 cikin ɗari na cikakken matsayi, ya ishe ki haya da abinci da ɗan aike gida, ba na gina gida ba. Amma mafi yawan wurare sai da digiri na biyu. In shi za ki fara yi da kuɗinki, sai kin ajiye abin da ya haura Yuro dubu 11 a asusun da ake kullewa kafin a ba ki biza. Shi ya sa nake cewa ki duba DAAD, hukumar Jamus mai ba da tallafin karatu, da shirin nazarin ƙwaƙwalwa na Göttingen, wanda ke karɓar masu digirin farko. Kada ki tsaya Jamus kaɗai: cikin masu bincike a kan gashin nan akwai Nathalie Spassky a Faris, akwai kuma Nathalie Jurisch-Yaksi a Trondheim ta Norwe, tana aiki da kifin zebra.

Wasiƙar da za ki rubuta wa farfesa, kada ki cika ta da yabo. Ki karanta takardarsa guda sosai, ki yi tambaya ɗaya a kan hoto ɗaya. Kuma abin da zai fara dubawa shi ne me hannunki ya taɓa yi. Kafin ki nema, ki je cibiyar bincike da horo ta BioRTC da Mahmoud Bukar Maina ya kafa a Damaturu, ko ki shiga horon TReND ko IBRO, ƙungiyoyi masu horar da masu binciken ƙwaƙwalwa, ki koyi rina nama da aiki da madubin haske da nazarin hoto a manhajar ImageJ, wadda kyauta ce.

Sai ki tambayi kanki wani abu da ba a cika faɗa ba. Efendima ba ta girma sai bayan haihuwa a ɓera, saboda haka aikin ya ƙunshi kashe jariran ɓeraye, a fitar da ƙwaƙwalwa cikin gaggawa, a yanka bangon kogo a ɗauki bidiyo tun gashin bai daina motsi ba. Sai kin yi kwas ɗin kula da dabbobin gwaji kafin a bari ki taɓa ko ɗaya, kuma ranar da suka haihu ita ce ranar aikinki, ko da Sallah ce. In zuciyarki ba za ta ɗauka ba, akwai kifi, akwai ƙwan kwaɗo, akwai Chlamydomonas, gansakukar da aka koyi yawancin sirrin gashin nan daga gare ta. Waɗannan ma sun fi sauƙin kiwo idan kin dawo gida inda wuta ba ta tsayawa.

Ki turo min takardar sakamakonki da daftarin wasiƙar in duba. Ki gaida su Umma.