Da gaske Bahar Rum ta taɓa ƙafewa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina koyar da jogarafi a wata sakandare a Damagaram. Wani ɗalibina ya zo min da labarin cewa Bahar Rum ta taɓa ƙafewa ƙurmus har ta koma filin gishiri. Na ce masa zan bincika. Gaskiya ne? In gaskiya ne, ta yaya aka sani, alhali babu wanda ya gani da idonsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗalibinka bai yi ƙarya ba, amma kalmar "ƙurmus" ɗin nan mu ajiye ta gefe tukuna, don a kanta masana suke ja-in-ja har yau.

Abin ya faru ne a ƙarshen zamanin da masana duwatsu ke kira Mayosin, wanda ya soma shekara miliyan 23 da suka wuce, ya ƙare shekara miliyan 5.33 da suka wuce. A lokacin mashigar Jibralta, wadda a yau ke haɗa ta da Tekun Atlantika, ba ita ce ƙofar Bahar Rum ba. Ruwan Atlantika yana shigowa ne ta wasu mashigai a kudancin Sifaniya da arewacin Maroko. Da yake nahiyar Afirka tana matsawa arewa tana tokarar Turai, ƙasar wuraren ta yi ta ɗagowa, mashigan suka yi ta tsukewa. Ita kuwa Bahar Rum, ko a yau ruwan da rana ke sha daga cikinta ya fi wanda koguna da ruwan sama ke zuba mata. Atlantika ce ke cike giɓin. Wajen shekara miliyan 5.97 da suka wuce sai gishiri ya fara rinjayar ruwan.

Babbar shaida ta fito a 1970, lokacin da jirgin bincike Glomar Challenger ya haƙa ƙasan tekun ƙarƙashin jagorancin William Ryan da Kenneth Hsü, tare da masaniyar Italiya Maria Bianca Cita. A ƙarƙashin lakar da aka saba samu a teku mai zurfi sai suka ci karo da jifsam, dutsen nan da ake sarrafawa a yi POP na silin ɗaki, da kuma gishiri tsantsa. Bisa shi kuwa laka ce cike da ɓawon ƙananan halittun teku mai zurfi, ba tare da wani sauyi a hankali tsakaninsu ba. Wato jiya tafkin gishiri, yau teku.

Kai da kake kusa da hanyar ayarin Bilma ba sai na yi maka dogon bayani kan yadda gishiri ke fita daga ruwa ba: a tara ruwa a rami, a bar wa rana aiki. Ruwan teku yana da nasa jeri. Farar ƙasa ce ke fara kwanciya. In ruwan ya ragu zuwa kashi 1 cikin 5, jifsam ya biyo. Sai ya ragu zuwa kashi 1 cikin 10 kafin gishirin miya ya fito. Wannan jerin ne ake karantawa a duwatsun, kuma ba sai an shiga jirgi ba, don ƙasa ta ɗago wasu tsofaffin kwaruruka sun zama tudu. A kwarin Sorbas da ke kudancin Sifaniya za ka taka tsohon murjani da ƙafarka, ka ga jifsam da laka sun kwanta hawa-hawa suna karɓa-karɓa, kowane hawa na tafiya da juyin yanayi na kimanin shekara 21,000. A mahaƙar gishiri ta Realmonte a tsibirin Sisili kuma akwai tsage-tsage irin na fadamar da ta bushe da rani, alamar wurin ya sha iska da rana.

Ga lissafin da nake so ka ba ɗalibanka a allo, don shi ne ya fi komai daɗi a wannan labari. Matsakaicin zurfin Bahar Rum mita 1,500 ne. In ka ƙafar da ita gaba ɗaya, gishirin da zai rage kaurinsa ba zai wuce mita 30 ba. Amma abin da ke kwance a ƙasan tekun ya haura kilomita 1, wani wurin ya kai 2. Ina sauran ya fito? Tukunya guda ba ta ba da wannan gishiri sai in ana ta ƙara mata ruwa tana kan wuta. Ashe ƙofar ba ta rufe ruf ba tsawon lokaci: ruwa na shigowa, ba ya samun fita, rana na sha, gishiri na taruwa.

To ruwan ya ja baya ƙwarai ko kuwa? Nan kogin Nilu ke ba da shaida. Lokacin haƙe-haƙen madatsar Aswan a kudancin Masar, masanin Tarayyar Sobiyet Chumakov ya gano tsohon kwazazzabo da kogin ya sassaƙa cikin dutse, kusan mita 200 ƙasa da matakin teku na yau, ga shi Aswan ta fi kilomita 1,000 daga gaɓa in ka bi kogi. A ƙarƙashin Alƙahira zurfin kwazazzabon ya haura mita 2,000. Kogi ba ya cin ƙasa haka sai in inda yake zubawa ya yi ƙasa sosai. Duk da haka akwai masana da ke ganin yawancin gishirin ya kwanta ne a ƙarƙashin ruwa mai zurfi, mai kauri kamar ruwan kanwa. A ganina duka biyun sun faru a lokuta dabam-dabam cikin shekara kusan 640,000 ɗin nan, kuma hoton hamada guda shimfiɗe daga Sifaniya zuwa Sham ya yi sauƙi da yawa. Daf da ƙarshe ma ruwan ya koma gauraye, ba ɗaci sosai, da halittun tafki a ciki.

Ka kuma ja kunnen yara kada su haɗa wannan da tekun da ya bar farar ƙasar Kalambaina da ake siminti da ita a Sakkwato. Wancan ya girmi wannan da sama da shekara miliyan 50.

Shekara miliyan 5.33 da suka wuce Atlantika ta ɓalle ta Jibralta. Wani bincike na 2009 ƙarƙashin Daniel García-Castellanos ya nuna ruwan ya sassaƙa hanya mai tsawon kilomita 200, kuma kashi 90 cikin 100 na ruwan ya shiga ne tsakanin 'yan watanni zuwa shekara 2, matakin teku na hawa fiye da mita 10 a rana guda lokacin da abin ya yi tsanani. Wannan ƙiyasi ne na lissafi, ka gaya wa ɗalibin haka. Gishirin da kwazazzabon Nilu kuwa an haƙa an taɓa su.