Tambayoyin Masu Karatu: An Sauya Mana Mai Gabatar da Shiri

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni tela ne a Ƙofar Marusa cikin birnin Katsina, kuma tun ina yaron shago nake sauraron wani shirin raha da kiɗa da wani gidan rediyon gwamnati ke sakawa duk ranar Asabar da yamma. Akan yi ɗan wasan kwaikwayo na barkwanci, a sa waƙoƙin makaɗan gargajiya, a karanta gaishe-gaishe, sannan dattijon da ke gabatarwa ya rufe da hirarsa mai sa mutum ya ajiye almakashi don dariya. Bara dattijon ya yi ritaya, aka kawo wani matashi wanda ya rage hira ya ƙara kiɗan zamani. Yanzu shagonmu ya rabu biyu: mu manya muna cewa an kashe shiri, yara kuma suna cewa sai yanzu ya farfaɗo. Shin fushinmu yana da hujja, ko tsufa ne kawai ya kama mu? Kuma ana samun irin wannan a wasu ƙasashe?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam tela, Allah ya ƙara kasuwa. Zan fara da tambayarka ta biyu, domin amsar ta farko tana cikinta.

A Amurka an yi wani shiri mai suna A Prairie Home Companion, wanda wani marubuci, Garrison Keillor, ya fara gabatarwa kai tsaye a watan Yuli na 1974 a birnin St. Paul na jihar Minesota, a gaban 'yan kallo da ba su wuce goma sha biyu ba. Shi ma shirin yammacin Asabar ne, na tsawon awa biyu, kuma tsarinsa bai yi nisa da wanda ka bayyana ba: makaɗa su yi kiɗa a kan dandamali, 'yan wasa su yi barkwanci, a yi tallar kayan da babu su a kowace kasuwa don a ba mutane dariya, daga ƙarshe Keillor ya kawo labarin abin da ya faru cikin mako a wani ƙaramin gari mai suna Lake Wobegon, garin da shi ya ƙage shi da mutanensa duka. A lokacin da shirin ke tashe, mutane kusan miliyan 4 ke sauraronsa a ɗaruruwan tashoshi. Keillor ya taɓa ajiye shi a 1987, amma bayan shekara biyu ya dawo da wani shiri mai kama da shi, kuma a 1993 aka mayar masa da sunansa na asali.

A 2016, yana da shekara 73, ya yi sallama da shirin, ya miƙa shi ga Chris Thile, gwanin kaɗa mandolin, wani abin kiɗa mai tsirkiya wanda idan ana neman ɗan'uwansa a wurinmu sai a ce garaya. Keillor da kansa ya zaɓe shi, kuma babu mai shakkar gwanintarsa. Amma da tafiyar dattijon labarin Lake Wobegon ya tafi, kiɗa ya yawaita, sai masu sauraro suka rabu kamar yadda shagonku ya rabu, wasu suna yabon sabon jini, wasu suna cewa ba abin da suka saba ba ke nan, kuma yawan masu sauraro ya ragu. A ƙarshen 2017 gidan rediyon da ke shirya shirin ya yanke hulɗa da Keillor saboda zargin rashin ɗa'a da aka yi masa, aka sauya wa shirin suna zuwa Live from Here, sannan a 2020, lokacin annobar korona da ƙarancin kuɗi, aka dakatar da shi baki ɗaya.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne cewa an bar wa mutanen can ranarsu da lokacinsu, an bar musu sunan shirin na fiye da shekara guda, an ba su makaɗin da ya fi na da iya kiɗa, amma duk da haka da yawa suka ji an raba su da wani abu. Abin da aka raba su da shi murya ce. Rediyo ba ya nuna fuska, saboda haka mai sauraro yakan gina mutum guda sukutum daga yadda yake jan magana, da inda yake yin shiru, da irin tarin da yake yi kafin ya faɗi abin dariya, kuma idan aka yi shekara talatin ana haka, muryar takan zama kamar ta wani kawu da ke leƙo gida duk mako. Sabo turken wawa ne, in ji Hausawa, amma ni ban ga wauta a wannan sabon ba. Mu ma mun san haka a gida. Tun da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, mutanen Arewa sun saba da muryoyin da suka zama tamkar dangi, har masu sauraron zaɓi-sonka suka kafa ƙungiyoyi suna ziyartar juna a garuruwa saboda sunayen da suke ji ana kira. Ka tuna kuma da Samanja Mazan Fama. Wa zai iya ɗaukar wannan Hausar ta barikin soja ya yi ta yadda marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ya yi ta, alhali shi sojan ne da gaske kafin ya zama Samanja na wasa?

Don haka kewarku tana da hujja. Inda ba na tare da ku shi ne wajen ɗora laifin a kan matashin. Idan ya kwaikwayi dattijon za ku ce ya ari riga ta yi masa yawa, idan ya yi nasa salon ku ce ya ɓata shiri, to ta ina zai bi? A ganina kuskuren na masu shirya shirye-shirye ne, waɗanda sukan riƙe tsohon suna don kada masu talla su gudu, sai su sa sabon mutum cikin gasa da wanda ba ya nan. Da sun yi wa tsohon shirin sallama ta mutunci, suka ba yaron sabon suna, da ku manya ba ku ji an yaudare ku ba, yaran shagonka kuma da sun sami nasu.

Akwai wani bambanci da ya kamata ka sani kafin ka yi tunanin ƙaurace wa shirin. A Amurka tashoshin rediyon jama'a suna samun kaso mai yawa na kuɗinsu daga gudummawar masu sauraro, kuma kowace tasha ita ke biya ta ɗauki shirin da take so, saboda haka idan mutane suka juya baya, tasha takan ji a aljihunta nan da nan. Gidajen rediyon gwamnati a nan kuwa da kasafin gwamnati da tallace-tallace suke tafiya, kashe rediyonka a shago ba wanda zai sani sai kai da allurarka. Abin da ake ji shi ne wasiƙa da kiran waya. Ku haɗu ku rubuta wa shugaban sashen shirye-shirye, cikin ladabi, ku faɗi takamaiman abin da kuke roƙo, misali a ware minti goma sha biyar na makaɗan gargajiya, ko a riƙa gayyato dattijon sau ɗaya a wata idan lafiyarsa ta bari. Wasiƙar da ta ce kawai shiri ya lalace ba ta ba kowa abin yi.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Mahaifina a nan Daura idanunsa sun yi rauni, kuma babu abin da yake tambaya kamar tsofaffin wasannin rediyo da hirarrakin da aka yi da Shata. A ina zan samo masa? Daga wata ɗiyarka a Daura.

AMSA: Allah ya yi miki albarka, ɗiyata, ya ba Baba lafiya. Ba abin mamaki ba ne mutumin Daura ya yi kewar Alhaji Mamman Shata, tunda a garinku aka binne shi a 1999. Ki fara da masu sayar da waƙoƙi a kasuwa, waɗanda a da kaset suke sayarwa, yanzu kuma suke tura wa mutane a waya, domin da yawansu sun adana abin da suka ɗauka daga rediyo. Za ki kuma sami wasu a YouTube, ko da yake sautinsu ba koyaushe yake fita tangaram ba. Kina iya tuntuɓar ɗakin adana faya-fayai na gidajen rediyo, amma kada ki sa rai da yawa, saboda a zamanin da faifan naɗa sauti yana da tsada, akan goge tsohon shiri a naɗi sabo a kansa, wanda ya tsira kuma zafi da ƙura sun ci rabonsu. Ki kuma duba akwatunan Baba da na abokansa, domin mutanen wancan zamani sukan naɗi shiri a kaset yayin da ake watsa shi. Idan kin samu, kada ki sa shi cikin tsohuwar rikoda, tana iya cinye zaren. Ki kai wa mai gyaran rediyo ya kwafe miki a katin waya, sannan ki saya wa Baba ƙaramin rediyo mai cin kati, irin mai manyan maɓallai da zai iya laluba da hannunsa.